Batirin Inusa

Ranar da aka kai mijina Inusa makwancinsa, tun mutane ba su watse ba, yayansa Malam Abdussalamu ya sa kwaɗo ya kulle ɗakinsa. Ina cikin nawa ɗakin na ji ƙarar kwaɗon. Haka ake yi a wurinmu, kayan mamaci ba mai taɓa su sai ranar rabon gado. A ɗakin akwai rediyo, da tsohon babur, da kayan aikin garka, da babban batirin sola da ke ba mu hasken fitila da cajin salula. Washegari Malam ya dawo ya zare wayar da ke kawo wuta ɗakina, ya ce hasken ma na mamaci ne. Muka koma cocila, ni da 'ya'yana biyu, Nazifa da ƙaninta Kamaluddeen.

Ni Lantana, ko zazzaɓi bai taɓa hana ni cin kasuwar Matankari ba, sai ga takaba ta zaunar da ni wuri ɗaya. Duniyata ta koma ɗaki, da tsakar gida, da garkar da ke bayan gida cikin danga ɗaya da mu. Da a ce garkar nan a waje take, da tuni an ɗaure ni da igiya. Inusa ne ya haƙa rijiyarta, ni na dasa zogalen, kuma da shi nake sana'a. In tsinke ganye, in wanke, in shanya a inuwa, in daka, in tankaɗe. Akwai wata Hajiya a Dogon Dutsi da ke karɓa tana ɗurawa a leda tana aikawa Yamai. Sharaɗinta ɗaya ne, garin ya zo mata kore shar.

Da rani wannan ba wuya, iska kaɗai ta isa. Da damina ne ake yin ta. Lokacin da itacen ke zubo ganye kamar an aiko shi, lokacin ne shanya ke ƙi. Ka kai shi rana in ta leƙo, ya ƙone ya koɗe. Ka bar shi a inuwa, ya kwana da danshi ya yi baƙi, ya ɗauki warin jiƙaƙƙen tsumma. Shekarun baya ban damu ba. Ruwa na sauka sai in naɗe tabarmin shanya, mu ci abin da Inusa ya noma.

Bayan sadakar arba'in maza suka zauna a zaure a kan maganata, ina jin su ta bayan zana. Yayana Rabo, wanda ya zo daga Kore Mairuwa, ya ce in na fita takaba zai mayar da ni gida. Malam Abdussalamu ya ce ba laifi, amma 'ya'yan Inusa a cikin dangin ubansu za su tashi, wato a hannunsa. Yaya Rabo bai ja ba, don shi ma bakunan da yake ciyarwa sun ishe shi. Kafin shayin farko ya huce an raba ni da 'ya'yana, kuma ba wanda ya ɗaga murya.

Sai na yi gyaran murya, abin da ba a son mai takaba ta yi. Na ce ni a nan zan zauna, in riƙe gidan, in ci da yarana da sana'ata. Malam Abdussalamu ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Can ya ce, "In sana'ar taki ta tsaya da ƙahwarta, ta ratsa damana ba ta hwaɗi ba, ba ni tada ki. Amma ba ni barin ɗiyan ƙanena ga abin da ka mutuwa duk shekara in ruwa ya sauka."

Magana ta zama ɗaya ke nan. Ko ganye ya bushe kore da damina, ko in tafi Kore Mairuwa ni kaɗai.

Ƙanwata Ruƙayya, da ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, ita ta ba ni labarin injin. Ta ce wani akwati ne mai farantan raga hawa-hawa, da 'yar fanka da ke hura iska mai ɗumi, ka zuba ganye da safe ka kwashe busasshe da yamma, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Seshwar ta kira shi, don Ruƙayya ba ta iya kai ƙarshen zance ba ta tsoma Faransanci ba. Na ce ta nemo mani, amma wanda ke ci daga batiri, don ƙauyenmu turakun wuta sai dai mu gan su in mun shiga Matankari. Batirin Inusa nake hange. A raina na ce, rabon gado ai ba zai daɗe ba, in ma ya daɗe, wa zai hana aron abin da rana ke cikawa kyauta?

Nan aka shiga nema, ita da ƙafa ni da kunne. Salulata ake kaiwa caji wurin mai shagon gari, ta yini can, ta dawo mani da saƙonnin murya. Har salular ta fi ni yawo. A wani kanti kusa da tasha Ruƙayya ta samu inji fari tas, ta aiko mani da hotonsa, na kwana ina kallo, ashe wutar gari yake ci. Mai kantin ya ce a haɗa masa wani ƙaramin akwati da ke juya wutar batiri ta koma ta gari. Da ta tambaya gaba, aka ce mata haɗin nan zai zuƙe batirin tun ganye bai yi yaushi ba. Sai ta gano wani kafinta da ke ƙera akwatin katako mai murfin gilashi, ta aiko saƙo tana ta yabo, ba wuta ba waya, rana kaɗai. Na mayar mata da cewa, da ina da rana me zai kai ni neman inji? Wani kuma ya nuna mata mai aiki da gawayi. Wannan ko gwadawa ban yi ba, na san zogale da kwaɗayin hayaƙi.

Ana haka damina ta kankama. Na shanya ganye a kan gado, da ƙarƙashin gado, da kan tabarmar salla. Na yi ta fifita da faifai har kafaɗata ta mutu. Matan gari su shigo gaisuwa, su tsallake ganye su nemi wurin zama, su ba ni haƙuri, su fita abinsu. Fitar tasu ce ke ci mani rai. Kashin farko da na haɗa ya fito launin ƙasa, na rufe ido na aika wa Hajiya. Ta dawo mani da shi, da saƙon cewa wannan ko akuya sai da lallashi. Ta ce don mutuncin marigayi za ta jira ni zuwa ƙarshen damina, amma in sani akwai wasu mata daga wajen Tibiri da ke ta roƙon ta.

Abin da ke kwantar mani da hankali shi ne wayar da ta sauko daga pano, farantin sola da ke kan rufi, ta shige ɗakin Inusa ta taga. Ita Malam bai taɓa ba. Inusa ya sha gaya mani cewa batiri kamar jaki yake, ko ba ya aiki sai an ba shi abinci, in aka bar shi da yunwa ya daɗe, ya tafi ke nan. To duk sanda rana ta ɗan buɗe, sai in dubi wayar nan in ce, ci abinka, ranarka na zuwa.

Gero ya kai ƙugu sanda saƙon ya zo. Uban wani ɗalibin Ruƙayya direban babbar mota ne, shi ya gano injin a Yamai, a shagon masu sayar wa matafiya kaya. "Yaya, abin nema ya samu," in ji ta. "Duz bolt ne, daidai da batirin gidanku. Bakinai biyu, ja da baƙi, maƙalawa kawai za ki yi." Na sa aka sayar da tunkiyata da rabin kwanonin jerena, ban ko waiwaye su ba. Ɗan kabu-kabu ya kawo shi naɗe cikin leda, girmansa bai wuce akurkin kaji ba. Na zare farantan ɗaya bayan ɗaya na wanke su, ko da yake sababbi ne. Rabon da in yi dariya tun Inusa na da rai, ranar na yi.

Na aika aka kira Malam Abdussalamu. Ya tsaya a bakin zaure, ni ina bayan zana. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, na ce aro nake so, ba kyauta ba, ranar rabo a same shi inda yake.

"Uwar Nazifa," ya ce, "da nawa ne, da kin ɗauka ba ki tambaya ba. Wanga kaya na marayu ne. Ba ni iyawa."

Na ce marayun nan ai su nake so in ciyar da shi. Ya ce abincinsu yana rumbunsa, kuma gaskiya ya faɗa, bai taɓa fashin aiko mana da hatsi ba. Na ce to a raba gadon mana. Ya ce sai Bashir ya zo. Bashir shi ne babban ɗan Inusa, ɗan matarsa ta fari da ta rasu tun kafin a auro ni, yana neman kuɗi a Kwatano, kuma tun da aka rufe iyaka zuwa gida ya zama aiki. Aka kira shi a salula, yaron kirki, nan take ya ce ya yafe, a ba ni batirin. Malam ya ce Bashir baligi ne, yana da ikon yafe nasa. Nazifa da Kamaluddeen fa, wa zai yafe a madadinsu? Shi ba zai tashi gaban Allah da wuta a ciki saboda ganye ba. Na ji muryarsa na rawa da ya faɗi haka, shi ya sa na kasa zaginsa ko a zuci, sai daga baya.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Inji yana ɗakina, batiri yana ɗakin da ke kallon nawa, tsakaninsu tsakar gida ce da kwaɗo ɗan mitsitsi wanda ko taɓarya ta isa ta ɓalle. Na sha ɗaukar taɓaryar. Abin da ke mayar da ita ƙasa shi ne, ranar da aka ce matar Inusa ta fasa ɗakin gado tana cikin takaba, ranar na rasa yaran da hujja.

Na nemi aro a gari. Mai shago ya ce batirinsa shi ne kasuwarsa. Maƙwabcinmu ya tausaya, ya ciro na babur ɗinsa ya miƙo ta kan danga. Na maƙala ja da baƙi, sai fanka ta ɗauka, iska mai ɗumi ta fito da ƙamshin ɗanyen zogale, na durƙusa gaban akwatin ina hawaye kamar wata sakarya. Ba a jima ba fankar ta fara ja da ƙyar, ta tsaya. Ranar sai tura babur ɗin aka yi har bakin hanya kafin ya tashi, matarsa kuma ta daina amsa mani sallama da fara'a. Sabon batiri kuwa, abin da zan sayar in saya ya riga ya tafi a kan injin.

Haka na zauna. Ganye ya yi ta zuba, ina tsinkewa don kar itacen ya lalace, muna cin abin da za mu iya ci, ina rabar da saura. Gari kaf ya ƙoshi da kwaɗon zogale a daminar nan, har yara na gudu in sun ga Nazifa da kwano. Wanda ya yi saura in shanya, ya yi baƙi, in watsa bayan danga. Na rame. Duk mai shigowa cewa take kewar miji ce, ni kuwa har kunya nake ji, don a lokacin na fi tunanin batirin Inusa a kan Inusa.

Bashir ya iso gero na nuna, takaba ta kusa ƙarewa, sama kuma ba ta gama zubarwa ba. Na aika wa Hajiya cewa ta ba ni zuwa kasuwa mai zuwa, za ta ga kore. Ta ce to, wannan ne na ƙarshe.

Ranar rabo tun da safe na tsinke ganye mafi kyau, na wanke, na jera a farantai. Maza suka cika tsakar gida, da limamin da zai raba, da shaidu, da Yaya Rabo. Ni ina ɗaki an saki labule, don har lokacin ban fita takaba ba. Na ji an buɗe kwaɗo, na ji ana fito da kaya ana yi musu kima, ban ga komai ba. Da aka zo kan tumunina, liman ya ce akwai awaki biyu da suka yi daidai da rabona. Na ce daga bayan labule a ba ni batiri.

"Lantana," in ji Yaya Rabo, "awaki biyu masu ciki, ke ce batiri?"

"Shi nika so, Yaya."

Aka maimaita tambaya gaban shaidu, na maimaita amsa. Aka shafa fatiha, maza suka koma zaure cin abinci.

Na fito na sami batirin a ƙofar ɗakina, naɗe cikin buhu, an ɗaure da igiya tsaf. Na kwance. Ko ƙura babu a jikinsa, sai ka ce yau aka sayo. Na jawo injin, na yi bisimilla, na maƙala ja, na maƙala baƙi. Fankar ta motsa kamar za ta juya, ta fasa. Na cire na sake maƙalawa. Na kankare bakin da wuƙa na sake. Ko motsin farko ban ƙara samu ba.

Na kira Bashir. Ya duba, ya juya, ya shiga ɗakin ubansa, sai na ji ya ce, "Inna, zo ki gani." Tun rasuwar ban taka ɗakin ba sai ranar. Wayar pano ta shigo ta taga kamar yadda nake ganin ta daga waje, amma a ciki an naɗe ta da kyau an rataye a ƙusa. Ba ta jone da komai.

Bashir ya leƙa zaure ya tambayi baffansa. Ina jin amsar daga inda nake tsaye, kuma da jin daɗi ya ba da ita.

"Ni na zare ta, tun ran da anka yi jana'iza. Abin da ka aiki shina tsuhwa. Na ce ba ni barin dukiyar marayu tana cin kanta. Na naɗe shi, na aza bisa katako don sanyin ƙasa. Allah shaidana, yadda Inusa ya bar shi haka na miƙa shi."

Ya adana shi yadda ake adana damin gero a rumbu. A lokacin na tsani mutumin nan, tsana irin wadda ban taɓa yi wa kowa ba, alhali na san ko ƙwayar hatsin 'ya'yana bai ci ba. Na zauna a ƙasan ɗakin.

Bashir ya jona batirin da pano, ya yini ya kwana ya sake yini, bai riƙe ko abin kunna fitila ba. Ruƙayya ta zo ta ɗauke shi zuwa wurin mai gyara a Dogon Dutsi, aka ce mata ya daɗe da mutuwa, sai dai a sayar wa masu narka dalma. Ganyen da na jera ya yi baƙi a cikin injin. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, Hajiya ta ɗauki matan Tibiri, ta aiko mani da sabulu da gaisuwa.

Ni na so a bar maganar, amma Ruƙayya ba ta da wannan haƙurin. Ta tsaya a zaure ta gaya wa Malam abin da ya kashe batirin, da Hausa tsantsa, ranar ko kalmar Faransanci ɗaya ba ta sa ba. An ce bai ci abinci ba ranar. Washegari da safe na tarar da babban ragonsa ɗaure a turken tsakar gidana, shi kuma yana bakin zaure. Ya ce garin neman gira ya rasa ido, ba zai je lahira da hakkina ba, ragon nan ya fi kimar batirin, in riƙe.

Na ce, to Malam, tunda ka ga ba daga ni ba ne, maganar yara fa? Sai in sayar da ragon in sayi sabo, in nemi wani mai saye, baɗi a gani.

Ya ce ragon na batiri ne, maganar yara dabam ce. Mai saye ta tafi, damina ta wuce, gida ba abin shiga, shi kuma ba zai rataye cikin marayu a kan baɗi ba. In Allah ya sa na kafu a Kore Mairuwa, ƙofa a buɗe take, in zo in gan su duk sanda na so. Na roƙe shi. Ban taɓa roƙon namiji haka ba, har da Inusa. Ya yi ta cewa in yi haƙuri, kuma na ji kuka yake yi.

Na fita takaba aka yi mani wanka da kitso, mata suka zo barka. Yaya Rabo ya ɗauko amalanken jaki da zai kai mu Matankari mu hau mota. Aka ɗora akwatina, da sauran kwanonin, da injin cikin ledarsa, aka ɗaure ragon a baya. Matar Malam ta zo ta kwashe kayan yara tun da sassafe, don kar a yi abin a gabana.

Suna tsaye a ƙofar gidan baffansu sanda muka zo wucewa. Nazifa ta san komai, ta ƙi duba na, ta kafa ido a kan ƙafar jakin. Kamaluddeen ya ƙwace hannunsa daga nata, ya biyo amalanken da gudu yana shafa bayan ragon.

"Inna, kasuwa za ki kai shi?"

Na ce e.

"To ki sawo mani rake. Mai kauri."

Na ce to, zan sawo. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana murna, har Nazifa ta zo ta kama hannunsa ta shigar da shi gida.